Hoton Kaka da Hanyar Gabas: Tsohon Hoto a Matsayin Shaidar Tarihi

A gidaje da dama na Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da sauran unguwannin da a da ƙauyuka ne a kudu da ganuwar Kano kafin birni ya haɗiye su, akan tarar da wani irin hoto wanda ba na biki ba ne, ba kuma na salla ba. Galibi bai fi tafin hannu ba, baƙi da fari aka wanke shi amma ya rine ya koma ruwan ƙasa, kuma ma'ajiyarsa ita ce ƙasan adakar wata tsohuwa, tare da rasit ɗin haraji da takardar gona. Mutumin da ke ciki yana zaune bisa kujera, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya tsura ido. Idan aka tambayi ko wane ne, amsar ba ta wuce a ce wan kaka ne, ko mahaifinta, wanda ya tafi gabas bai komo ba.

A 'yan shekarun nan hotunan sun soma fitowa daga adaka. Jikoki da tattaɓa-kunne sukan kai su shagunan kwamfuta na bakin titin Zariya, ko su ɗauke su da wayar hannu su miƙa wa wata manhaja, kafin a jima hoto ya fito fes, har da launi, sai ka ce jiya aka ɗauke shi. Niyyar kyakkyawa ce. Amma abin da wannan lacca ke son nunawa shi ne, irin wannan hoto takardar tarihi ce, kuma abubuwan da za su iya kai zuriya ga sawun kakansu suna cikin ita kanta takardar, da hatimin da ke bayanta, da rubutun hannu, da tufa, da tsagar fuska. Waɗannan kuwa su ne gyaran zamani kan fara shafewa.

Waɗanda suka tafi gabas

Tafiya gabas tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa, domin ita ce hanyar Makka ga wanda ba shi da halin bin ayarin Sahara zuwa Masar. Sai dai a ƙarni na 19 wani abu ya ƙaru a kan niyyar hajji, watau imanin da ya bazu cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo za ta yi hijira zuwa bakin Nilu domin haɗuwa da Mahadi. Maganar ta yi ƙarfi har ta dami masu mulki, kuma akwai sananniyar wasiƙa da Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano tana jan kunnen masu gaggawar tashi da cewa lokacin bai yi ba. Shekarar da jama'a suka ɗauka lokacin ya yi ita ce 1903. Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, ya ratsa ta tsakanin Kano da Zariya, manoma da malamai da bayi da 'ya'yan sarauta suna barin gidajensu suna bin sa. Ranar 27 ga Yuli aka kashe shi a Burmi, cikin ƙasar Gwambe. Waɗanda suka tsira suka ci gaba tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, bayan doguwar tafiya suka isa bakin Shuɗin Nilu, reshen kogin da ke gangarowa daga Habasha, inda wajen 1906 suka kafa gari kusa da Sinnar wanda har yau ake kira Mai Wurno.

Ayarin da ya fi wannan yawa, wanda kuma akasarin hotunan da ake magana a kansu suka fito daga gare shi, shi ne na bayan yaƙin duniya na farko har zuwa shekarun 1960. Hanyar sananniya ce: daga Kano zuwa Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, sa'an nan Abashe, a shiga Sudan ta Janaina, a bi ta Fashir ko Nyala zuwa Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Daga nan mai kuɗi ya hau jirgi zuwa Hartum, ya wuce bakin Bahar Maliya. Talaka kuwa guzurinsa ƙarfinsa ne. Yakan tsaya damina guda a nan, rani biyu a can, yana ƙodago a gona, ko ga-ruwa, ko wanzanci, ko ɗinkin hula, ko fawa. Har yau mutanen Sudan agashe suke kiran gasasshen naman nan mai yaji, da sunan da Hausawa suka kai musu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai aikin da ke riƙe mutum ya samu. Mai niyyar kwana arba'in ya yi shekara, ya yi aure, ya haihu, garuruwa irin su Wad Madani da Gadarif suka cika da unguwannin mutanen yamma, waɗanda 'yan ƙasa ke kira Fallata ko Takari ba tare da bambanta Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 a kan Hausawan Sudan, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Makka ba, amma suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar hajji.

Turawan mulki ba su sami natsuwa da wannan zirga-zirga ba, saboda tsoron Mahadiyanci. H. R. Palmer ya bi hanyar daga Maiduguri har Jidda ya rubuta rahoto a 1919, G. J. Lethem ya bi sawunsa a tsakiyar shekarun 1920, kuma daga irin waɗannan rahotanni ne aka tsaurara batun takardar izinin tafiya, da ajiye kuɗin komowa, da yin lamba, da killace mahajjata a Sawakin. Masu gudun wannan ɗawainiya sukan ƙetare teku a ɓoye cikin ƙananan jiragen Larabawa masu tafiya da iska. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar mahajjata ta Afirka ta Yamma, wadda gajeren sunanta, Wapa, ya zama sunan wuri a Fagge. Mota ta rage wahalar hanya, jirgin sama ya zo ya rage ta mota, har tafiyar ƙasa ta ja baya ƙwarai a shekarun 1970.

Abin lura a nan shi ne, manomin ƙauyen Kano na wancan zamani da wuya ya taɓa zama gaban mai hoto kafin ya bar gida. Saboda haka hoton da ke cikin adaka, in ba na fasfo ba ne, a can aka ɗauke shi, aka ba wani alhaji mai komowa ko aka sa a gidan waya. Mutumin ya yi gabas, hotonsa ya yi yamma. Wannan ya sa hoton shaida ne a kan inda ya sauka, fiye da inda ya tashi.

Yadda ake karanta hoton

Mai nazari yakan fara da baya kafin gaba. Shagunan hoto na farko a Hartum galibi na Girkawa ne da Armeniyawa, daga baya 'yan ƙasa suka shiga sana'ar, irin su Rashid Mahadi na Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma shago mai suna yakan buga hatiminsa da sunan garinsa a bayan takarda. Ko da ba hatimi, takardar kanta tana magana: wadda aka buga wa layukan kati na gidan waya a baya, da wadda aka yanke gefenta kamar haƙoran zarto, da mai ɗauke da tambarin Kodak ko Agfa ko Ilford, kowace da zamanin da aka fi yayinta. Ƙaramin hoto mai ɓurɓushin manne a baya da rabin hatimi a kusurwa, daga jikin fasfo ko wata takardar hukuma aka ɓamɓaro shi. Idan aka yi dace ambulan ɗin ya tsira, to an sami babban rabo, domin kan sarkin Sudan mai hoton ɗan aike bisa raƙumi, wanda aka soma bugawa a 1898 aka ci gaba shekaru masu yawa, ba ya ɓoyuwa, kuma hatimin gidan waya da ke kansa yana ɗauke da sunan gari da kwanan wata.

Rubutun hannu ya fi duk waɗannan daraja, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda ya yi karatun allo a ƙasar Kano yakan sa wa harafin fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ya sa wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama, bisa ƙa'idar rubutun Magariba. Wanda ya yi makarantar gwamnati a Sudan ko Hijaz kuwa yakan sa wa fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu a sama, da siririn rubutu mai kwanciya irin na Masar. To, idan gaisuwar da ke bayan hoto da ajamin Hausa take, cikin kaurin rubutu irin na Kano, ana iya ɗauka mai hoton ne da kansa ya rubuta, ko wani malami abokin tafiyarsa. Idan kuwa da Larabci take cikin rubutun gabas, mai yiwuwa ne ɗansa ne haifaffen can ya riƙe alƙalamin, watau hoton da kansa ya ba da labarin cewa akwai zuriya. Haka nan kwanan wata: yawanci da lissafin Hijira yake, kuma shekarar 1370, alal misali, ta faɗo tsakanin 1950 da 1951. A lambobin Larabci biyar kamar da'ira take, sifili kuwa ɗigo ne kawai. Yaron shago da bai san wannan ba, da ya ga ɗigo a kan tsohuwar takarda sai ya ɗauka kashin ƙuda ne ya share, shekara ta tashi daga 1370 ta koma 137, fa kuma ta rasa abin da ke raba ta da ƙaf.

A gaban hoton, tufa tana nuna nisan zama. Mai babbar riga da hula irin ta gida bai daɗe da sauka ba, ko kuwa ya sa su ne musamman don danginsa su ga bai canza ba. Mai farar jallabiya mai faɗin hannu da babban naɗi irin na mutanen Nilu ya riga ya zauna. Agogon hannu, da alƙalami a aljihu, da keke ko rediyo da aka jingina a gefe, sau da yawa kayan mai shago ne da yake ara wa kowa, don haka kada a yi saurin cewa kaka ya yi arziki. Abin da ba a arowa shi ne tsagar fuska. Zanen Gobirawa mai shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, da dogayen tsagar Barebari, da bille, su ne shaidar asali da mutum ya tafi da ita ba ya iya sauke ta, kuma da ita ce tsofaffin wani zango a Gadarif za su iya cewa lalle wannan wane ne.

Gyara da ɓarna

Hoton baƙi da fari ƙananan ƙwayoyin azurfa ne da ke cikin wani siririn danƙo da aka shimfiɗa a kan takarda. Idan mai hoto bai ɗauraye ruwan maganin da ke kafe hoton sosai ba, kamar yadda masu ɗauka a bakin kasuwa kan yi saboda gaggawa da ƙarancin ruwa, ragowar maganin yakan ci azurfar a hankali, hoto ya yi rawaya ya dushe. Laimar damina tana kumbura danƙon ta manne shi da gilashin firam, hunturu ya busar da shi ya tsattsage, gara da kyankyasai su ci gefe. Duk da haka, ɓarnar shekara saba'in ba ta kai ta yini ɗaya a hannun mai ƙauna marar sani ba. Salatef yana barin tabon da ba ya fita. Ɓamɓare hoto daga gilashin da ya manne da shi yakan bar rabin fuska a jikin gilashi. Mafi muni shi ne rufe shi cikin leda da zafin na'ura, abin da mutane ke yi da takardun makaranta, domin zafin da mannen suna shiga takardar, kuma ba a komawa baya.

Hanyar da masu adana kayan tarihi ke bi mai sauƙi ce. Ba a taɓa asalin da komai sai tattausan burushi busasshe. Akan yi sikanin gaba da baya, har da gefuna, da ƙarfin da bai gaza ɗigo 600 a kowane inci ba, da launi ko da hoton baƙi da fari ne, domin rinin takarda da kalar tawada bayani ne. Wannan kwafi na farko akan ajiye shi yadda yake, a wuri fiye da ɗaya. Duk wani gyara, na cike tsaga ko tayar da abin da ya dushe, a kan kwafi na biyu ake yin sa, a kuma rubuta abin da aka yi. Asalin kuwa ya koma cikin farar takarda marar rubutu, a ɗakin da ba ya laima.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun kawo wata matsala dabam. Inda hoto ya dushe, ba su da hanyar sanin abin da ke wurin a da. Abin da suke yi shi ne cike gurbin da abin da suka saba gani a dubban fuskokin da aka horar da su a kai. Saboda haka sukan ɗauki tsaga a matsayin karce su goge ta, su gyara hanci, su ƙara wa ido haske, su zaɓa wa riga launin da ba wanda ya shaida. Sakamakon kyakkyawan mutum ne wanda bai taɓa rayuwa ba. Ba laifi a rataye shi a zaure don sha'awa, amma wanda ya aika da shi Sudan yana cigiya, hoton wani ya aika.

Bin sawu

Wahalar farko ta suna ce, kuma daga al'adar gida ta taso. Matar Bahaushe ba ta faɗin sunan mijinta, surukai ma haka, kuma yaron da aka mayar wa sunan kaka akan saya shi da Abba ko Baba. Bayan zuriya biyu abin da ya rage a bakin mutane laƙabi ne, irin su Dogo ko Tanko ko Ɗanladi. A Sudan da Hijaz kuwa da sunan yanka ake rubuta mutum, a bi shi da na uba da na kaka. Ke nan gida ya san laƙabi bai riƙe suna ba, takardun can sun san suna ba su san laƙabi ba. Wadda ke iya haɗa biyun ita ce tsohuwar nan mai adaka, in an zauna da ita cikin ladabi, aka bi ta hanyar tambayar wa aka mayar wa sunan wa. Ita ce kuma za ta tuna ko kafin wace yunwa ya tafi, ko zamanin wane sarki, da wanda ya kawo hoton, domin gidan wannan alhajin shi ne zango na gaba a bincike. Ya kamata zama da ita ya riga zuwa shagon kwamfuta.

Takardun hukuma suna taimakawa, amma da iyaka. A ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Kano da na Barno da na ofishin Sakataren Lardunan Arewa a kan sha'anin hajji, kuma Jami'ar Durham ta Ingila tana da taskar takardun Sudan tun 1957. Sai dai takarda tana kama wanda ya bi ta ofis ne, ko wanda ya rasu ya bar dukiya, ko wanda ya tagayyara aka maido shi. Wanda ya bi ta daji ya ƙetare teku da dare bai bar mata komai ba. Akwai kuma wani dalili da ya sa sawu kan ɓace da gangan. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Duk wanda ya zo tare da Mai Wurno, balle wanda ya zo cirar auduga, ya faɗo bayan wannan rana. Mutumin da ke cikin irin wannan hali yana da dalilin tura shekarar zuwan ubansa baya, ko ya yi shiru a kan garinsu, kuma mai bincike da ya ga labarin can ya saɓa da na gida kada ya yi saurin ƙaryata ɗaya daga ciki. A Makka da Madina da Jidda abin ya ɗan fi sauƙi ta wata fuska, da yake asali ya zama sunan dangi, irin su Hausawi da Fallata da Barnawi, amma ya fi wuya ta wata, domin dubban gidaje ne ke amsa kowane ɗaya.

Wannan bincike bai tsaya ga sha'awar tarihi ba, musamman a wuri irin Darmanawa, inda gonakin gero da dawa suka zama filaye da gidaje masu tsada. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, matar wanda ya ɓace akan yanka mata shekara huɗu bayan ta kai ƙara an yi cigiya, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, abin da malamai da yawa suka ƙaddara da saba'in. Bugu da ƙari, idan ya tabbata yana da rai ranar da mahaifinsa ya rasu, to yana da kaso a gonar, kason kuwa na 'ya'yansa ne ko a ina suke. Hoto mai kwanan wata a baya ba ya zama hujja shi kaɗai a gaban alƙali, amma yana nuna cewa a shekara kaza mutumin yana raye a gari kaza, ya kuma nuna inda za a nemi shaidu. Ɗigon da yaron shago ya share yana iya zama shi ne tsakanin wasu marayu da haƙƙinsu.

A da akan yi tsammanin cewa in an rasa wani abu a Kano za a same shi a wancan ɓangaren, wajen dangin da ke Jazira ko a ma'adanar takardun ƙasa da ke Hartum. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raunana wannan tsammani. Hartum ta yi kusan shekara biyu tana fagen fama. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sojan gwamnati bai karɓe ta ba sai Janairu 2025, kuma a 2024 faɗan ya shiga jihar Sinnar, inda Mai Wurno take. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka, cikinsu da zuriyar mutanen da suka tashi daga ƙauyukan Kano. A gidaje da yawa kwafin da aka aiko yamma shekara sittin ko saba'in da suka wuce, wanda ke kwance a ƙasan adaka a Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi, mai yiwuwa ne shi kaɗai ya rage, kuma yanzu jikokin can ne za su bukaci a aika musu da shi, gaba da baya.